Kafar da Aka Toshe Saboda Ƙwai

Akwai wata mata a garin Matamaye mai suna Zulaiha. Mijinta Sadisu ya tafi haƙar zinariya can arewa, ya bar ta da ƴarsu ɗaya, Anisa, wadda ko lakwal, wato makarantar boko, ba ta isa shiga ba. Ya kuma bar mata tulin bulo a bayan gida, ya ce idan ya dawo da shi zai gina mata sabon ɗaki. Bulon nan ya sha rana ya sha ruwa, ciyawa ta tsiro a ramukansa, maigida bai dawo ba.

A jikin tulin bulon ne akurkin kajinta yake. Ginin laka ne, gajere, mai ƴar ƙofa da duhu a ciki. In za ka ɗauko ƙwai sai ka durƙusa ka zura hannu har kafaɗa kana lalube. Hannun Anisa ƙarami ne, kanta ma yana shiga, don haka aikinta ne kullum da safe. Ba ta da abin alfahari a duniya kamar ta fito da ƙwai mai ɗumi a tafin hannu tana kiran uwarta.

Maƙwabciyarsu wata tsohuwa ce, ana kiranta Inna Shekara. Ƙofar gidanta wani layi daban ta ɓulla, sai ka zagaye unguwa kafin ka kai. Amma a jikin katangar da ta raba gidajen akwai kafa, daidai yadda mutum zai sunkuya ya wuce. Wanda ya tashi a tsofaffin unguwanni ya san irin kafar nan. Ta nan ake miƙa garwashi, ta nan gishiri da daddawa suke wucewa, ta nan Zulaiha take shiga ɗiban ruwa, don Inna ce mai famfo a gida.

Ta nan ma aka kai Anisa yaye. Inna ce ta goya ta har ta manta da nono, ranar da za ta maido ta kuma ta haɗo ta da wata ƴar kaza mai wake-wake, ta ce, "Ga dukiyar amaryata." Duk kajin da ke gidan Zulaiha jikokin kazar nan ne.

To, ta kafar ne kuma zabin Inna suke shigowa. Wanda ya san zabuwa ya san ba ta iya gaisuwa a hankali. Da damina ta kama, sai zabin suka tsiro da wani sabon hali. Su zo su kewaye tulin bulo, su miƙe wuya, su yi ta ƙwala ihu kamar an taɓa musu gado. Zulaiha ta jefe su da takalmi, su watse, su dawo.

A daidai lokacin ne ƙwai ya fara ɓacewa.

Anisa ta zura hannu ta fito da shi wayam. Washegari ma haka. Kaza ta yi kukan ta saka ƙwai, a je a duba, babu ƙwai, babu ko ɓawo. Zulaiha ta zauna ta yi lissafinta irin na wanda ransa ya riga ya ɓaci. Kare ba ya shiga gidan. Ƙofa kullum a sakaye take. Wa yake shigowa ba sallama? Wa ya san inda akurki yake?

Kun san zargi, idan ya sami wurin zama a zuciya, komai ya gani shaida ne. Inna ta shigo aron rariya, Zulaiha ta bi hannunta da kallo. Inna ta soya ƙwan zabinta, ƙamshi ya tsallako katanga, Zulaiha ta ce a ranta, ai ga shi nan.

Wata safiya Inna ta sunkuyo ta kafar, ta tsaya tana kallon zabinta da ke ihu a gindin bulo. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Zulai, ki hana yarinyar nan zura hannu a akurki. Zabin nan ba banza suke wannan kuka ba. Ina jin igiyar ƙasa ce ta tare a bulon nan."

Igiyar ƙasa, wato maciji. Tsofaffi ba sa son kama sunansa a cikin gida.

Da Zulaiha ta yi shiru a nan, da labarin nan bai kai gare ku ba. Amma sai ta ajiye tsintsiya, ta riƙe ƙugu, ta ce, "Inna, igiyar da ke cin ƙwaina ƙafa biyu gare ta, kuma ta kafar nan take shigowa."

Tsohuwa ba ta gane ba da farko. Ta dubi kafar, ta dubi Zulaiha. Da maganar ta isa inda aka aike ta, sai ta nuna kanta da yatsa.

"Ni, Zulai?"

"Ni dai ban kama suna ba."

"Kin kama, ƴar nan. Kin kama." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Allah Ya sa iyakar abin ke nan. Amma ko ni ce ɓarauniyar, ki hana ta zura hannu."

Ta sunkuya ta koma gidanta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kira kowa ya yi shaida ba.

Sadisu yana da ƙane, Muntaka. Tun da yayansa ya tafi, duk aikin da Zulaiha ta roƙe shi amsarsa ɗaya ce, "Gobe in Allah Ya kai mu, matar yaya." Indararo ya karye, gobe. Ƙyauren banɗaki ya faɗi, gobe. Amma ranar da ta ce ya zo ya toshe kafar katanga, kafin la'asar ya iso da cebur, don yana son jin yadda faɗan ya faro. Ya kwaɓa laka da ciyawa, ya cusa duwatsu, Zulaiha tana tsaye tana cewa ya ƙara kauri. Har ragowar siminti ta ɗauko ya shafe fuskar da shi.

Anisa tana gefe tana kallo. Ta ce, "Mama, to ta ina zan je wurin Kaka?"

"Ba ki da wata kaka a nan. Wuce ciki."

Zabuwa tana tashi sama, katanga ba ta tare ta. Inna ta san haka, kuma ba ta son wata sabuwar magana. Sai ta kama zabinta duka ta aika da su Dungu wurin ɗan ƙanwarta. Gidan Zulaiha ya yi tsit. Ta yi barcin rana har da minshari, ta tashi tana cewa ashe haka duniya take da daɗi. Ruwa kuwa ta koma saye wurin ɗan ga-ruwa, bido, wato jarka, ɗaya ko biyu, tana yi masa tsimi kamar mai.

Ƙwai bai daina ɓacewa ba.

Ta ce wata ƙila kajin ne suka canja wurin saka. Ta duba bayan randa, ta duba ƙarƙashin gado. Sai ƴan tsaki suka fara raguwa. Ran nan da safe ta je zuba dusa, ta ga wani abu fari-fari ya maƙale a bakin ramin bulo yana kaɗawa. Ta sa kara ta jawo shi. Ya yi ta fitowa, ya yi ta fitowa, har ya fi tsawon hannunta biyu a buɗe. Saɓar maciji ce, sabuwa, ko bushewa ba ta gama yi ba.

Ta zauna a ƙasa, kara a hannu, idonta ya sauka a kan simintin da ke jikin katanga. Tsoro ya kama ta, kunya kuma ta fi tsoron nauyi.

Abin da ya kamata ta yi a bayyane yake, kowa a cikinku ya sani. Ta yafa mayafi ta zagaya, ta durƙusa ta ce Inna na yi kuskure. Ta yafa mayafin ma, har ta kai bakin layin. Sai ta tuna ta riga ta gaya wa matan unguwa a gidan suna cewa ta gano mai ɗauke mata ƙwai. Da wane ido za ta dubi tsohuwar? Ta tsaya ta sayi ashana a tebur, kamar abin da ya fito da ita ke nan, ta juyo gida. Ta ce bari ta fara kashe macijin tukuna, sai ta je da labari mai daɗi.

Ta kira mijinta a waya. Layin yana yankewa, muryarsa tana zuwa guntu-guntu. Da ta ce a kwashe bulon, sai ya ji wannan sarai. "Kar wanda ya taɓa mini bulo! Yara za su farfasa shi. Ki kira Muntaka ya duba."

Muntaka ya ce gobe. Gaskiya a wannan karon yana da hujja, ana tsakiyar noma, duk wani namiji mai ƙarfi yana gona tun asuba. Amma ko ba noma, tun da ya ji tsawon saɓar ya daina bi ta layin.

Daga nan Zulaiha ta shiga neman magani, kuma maganin maciji kowa malami ne. Wata ta ce ta daka tafarnuwa ta watsa. Ta watsa, gida ya yi kwana yana wari. Wani ya ce baƙin mai na mota. Ta zagaye akurki da shi, kaji suka taka suka ɓata mata tsakar gida. Aka ce ta ƙona tsohuwar taya, hayaƙi zai kore shi. Hayaƙin ya kori ita da ƴarta zuwa zaure suna tari, maƙwabta suna tambaya ko gobara ce. Da safe ta ga sawunsa a kan toka, santal, ya bi ta kan maganin ya shiga akurki ya fito.

Ranar kasuwa aka kawo mata wani gardi mai wasa da macizai, da layu har gwiwar hannu. Ya zagaya gidan yana busa ƴar sarewa yana surutai. Ya durƙusa bayan turmi, ya yi wuf ya ɗago wani siririn maciji, tsawonsa bai fi zira'i ba, lagwal kamar wanda ya sha tafiya a aljihu. Zulaiha ta dubi abin, ta tuna tsawon saɓar da ta jawo. Ta ce, "Malam, anya shi ne?"

"Shi ne, Hajiya. Idan sun ga ni ƙanƙancewa suke."

Ya karɓi babban zakaranta ya tafi. Kwana bai yi nisa ba ta tarar da kazar da ke kwanci a mace a bakin akurki, ƙwan da take kwanci a kai babu ko ɗaya.

Sai ta rasa abin yi. Ba ta iya ɗaga bulon ita kaɗai, ba ta da inda za ta mayar da kaji, ba ta da wanda za ta kira. Tana shara tana waige. Igiyar guga ta gani a ƙasa sai gabanta ya faɗi. Ta hana Anisa zuwa bayan gida, ta ce ko ta ga ƙafarta a can sai ta zane ta. Wani lokaci idan tana tankaɗe kusa da katanga takan ji tarin Inna a ɗaya gefen, ko ƙarar famfo yana zuba a bokiti. Tsakaninsu bai fi taku biyu ba. Ta buɗe baki za ta yi sallama, sai ta rufe.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. An yi ruwa kwana biyu da suka wuce, unguwa ta watse gona, har ɗan ga-ruwa bai zo ba. Abin da ya rage a randar Zulaiha bai fi moɗa biyu ba. Ta sakaye ƙofar gida, ta shiga ɗaki tana ninke kaya.

Kazar Anisa mai wake-wake, tsohuwar nan ta yaye, tana da ƴan tsaki a lokacin. Anisa tana wasa a ƙofar ɗaki sai ta ji kazar tana wani irin kuka a bayan gida, ƴan tsaki suna tsuwa. Yarinya ce. An hana ta zura hannu, amma ba ta ga laifin leƙawa ba. Ta je ta durƙusa, ta kai fuskarta daidai ƙofar akurki.

Ihun da ta yi, Zulaiha ta ce har ta mutu ba za ta daina jinsa ba.

Ta fito da gudu. Anisa tana birgima a ƙasa tsakanin akurki da bulo, hannu biyu a kan ido. A gabanta, tsakaninta da uwarta, baƙin gamsheƙa ne ya miƙe ya fasa kai, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Irin macijin nan ne da ke tsarto dafi, kuma ido yake nema. Ya riga ya samu.

Zulaiha ta yi taku ɗaya, ya juyo da kansa wajenta yana huci. Ta tsaya. Ta ɗauki murfin tukunya ta kare fuskarta, ta sake matsawa, ya tsarto, ta ji dafin ya sauka a kan murfin da bayan hannunta. Ta ja da baya. Babu sanda kusa, babu namiji a unguwa, ƴarta tana gabanta tana kiran Mama, ta kasa kai hannu gare ta.

Anisa ƴar fari ce, kuma Zulaiha ba ta taɓa kama sunanta a gaban mutane ba saboda kunya, kullum sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Ranar ta kira sunan da dukan muryarta. "Anisa! Kar ki motsa! Kar ki murza!" Sannan bakinta ya kira wani sunan da kansa, ba tare da ya nemi izininta ba.

"Inna! Inna Shekara! Ki taimake ni!"

Amsa ta zo nan take, kamar dama tsohuwar tana jingine da katangar. "Me ya faru? Zulai, me ya sami yarinyar?"

"Ya tofa mata a ido! Yana nan tsaye, na kasa zuwa!"

"Ruwa! Ruwa za a zuba mata yanzu-yanzu! Kina da ruwa?"

"Babu, Inna! Babu!"

Inna ta san ƙafafunta. Kafin ta zagaye unguwa da bokiti a ka an daɗe, ta kuma zo ta tarar da ƙofa a sakaye, mai buɗewa tana tsare a bayan gida. Sai Zulaiha ta ji dum! a jikin katanga. Dum! Tsohuwa ta ɗauki taɓarya tana dukan wurin da kafar take.

Jama'a, aikin Muntaka ya yi kyau. Bai taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba. Laka da ciyawa da duwatsu, ga siminti a fuska. Zulaiha tana tsaye da murfin tukunya a hannu tana jin kowane bugu, tana tuna bakinta yana cewa a ƙara kauri. Tana jin numfashin tsohuwar yana sarƙewa, tana jin ta tana cewa, "Ya Allah, ba ni ƙarfi. Amaryata, ga ni nan, kar ki murza idon." Kukan Anisa kuwa ya fara dushewa.

Dukan da ake yi yana girgiza ƙasa, kuma shi ne ya dami macijin. Ya sauke kai a hankali, ya sulale ya shige ramin bulo. Zulaiha ta yi tsalle ta sure ƴarta. Idanun sun kumbura sun yi jawur, hawaye yana zuba, yarinya ta ƙanƙame su ta ƙi buɗewa. Ta juye mata ɗan ruwan randa, ya ƙare kafin ya yi wani amfani. Ta ajiye ta a gindin katanga, ta ɗauki tata taɓaryar ta hau dukan simintin daga nata gefen, tana duka tana kuka.

Da ƙyar dutse ɗaya ya faɗo. Hannun Inna ya ɓullo ta ramin riƙe da moɗa cike da ruwa, fatar hannun duk ta sassaɓe tana jini. Moɗa ta bi moɗa. Da ramin ya ƙara faɗi, Inna ta ce, "Miƙo mini ita." Aka zura Anisa ta cikin ɓaraguzai kamar yadda aka taɓa miƙa ta yaye. Tsohuwa ta kwantar da ita a gindin famfo, ta buɗe idon da yatsunta da ƙarfin hali, ta sake mata ruwa. Yarinya tana shure-shure tana cewa Kaka zafi, Inna tana cewa na sani, na sani, ba ta daina ba.

Zulaiha ta fito layi ba mayafi ba takalmi, ta yi ta gudu har bakin titi kafin ta sami ɗan kabu-kabu mai babur. Inna ce ta goya Anisa suka hau.

A likita, wato asibiti, aka wanke idon, aka ɗiga magani, aka rufe da bandeji. Ma'aikacin da ya duba ta ya tambayi wanda ya zuba mata ruwa, aka nuna Inna. Ya ce ruwan nan ne ya taimaka. Sannan ya tambaya, "Da abin ya faru, nan da nan aka fara wankewa?"

Zulaiha ta sunkuyar da kai.

Aka tura su Damagaram wurin masu duba ido. Suka yi kwanaki a can, Inna tana kwana a tabarma a gefen gadon, ita da aka ce ba kakar kowa ba ce. Da aka cire bandeji, idon dama ya buɗe garau. Na hagu kuwa wani farin tabo ya zauna a tsakiyarsa. Aka ce a ci gaba da magani, a yi ta addu'a, amma kada a sa rai da yawa.

Kafin su dawo, labari ya zagaye unguwa. Mazan da suka yi ta cewa gobe duk suka fito rana ɗaya da sanduna da fartanya. Aka kwashe bulon Sadisu ɗaya bayan ɗaya, ba a ko tambaye shi ba, aikin da bai ɗauke su rabin yini ba. A ƙasan tulin aka sami sheƙar ɓeraye, aka sami macijin, aka kashe shi. Da aka farke cikinsa, ga ƙwan kaza nan guda, ko fashewa bai yi ba. Muntaka ne da kansa ya yi ta kai labarin ƙwan gida-gida, har gidajen da Zulaiha ta taɓa kai nata labarin.

Ranar da suka dawo, Zulaiha ba ta ko sha ruwa ba. Ta ɗauki fartanya ta ƙarasa rushe abin da ya rage na toshin, ta kwashe ɓaraguzan da hannunta. Sannan ta sunkuya ta wuce. Ta tarar da Inna zaune a kan tabarma tana shafa man kaɗe a hannunta da bai gama warkewa ba. Ta zube a gabanta.

"Inna, na yi miki ƙazafi. Na ɓata miki suna a unguwa. Kin gaya mini gaskiya na mayar miki da zagi. Don Allah ki yafe mini."

Tsohuwa ta ɗora hannun a kan Zulaiha.

"Tashi, ƴar nan. Ni tun ranar da kika faɗa na yafe, ban kwana da ke a raina ba. Kullum ina zaune a gindin katangar nan ina jira ki yi sallama." Sannan ta ce, "Da yafewata tana buɗe ido, Zulai, da tuni na yarinyar nan ya buɗe."

Suka yi kuka tare, har Anisa ta zo ta tsaya a kansu tana tambaya wa ya mutu.

An dawo da zabi daga Dungu. Suna nan suna ihunsu, Zulaiha har tsaba take watsa musu. An rushe tsohon akurki, an yi sabo a fili, sama da ƙasa, mai ƙofar da ido ke ganin ciki kafin hannu ya shiga. Anisa ta shiga lakwal, tana da wayo, tana dariya kamar kowane yaro.

Sai dai duk safiya idan za ta je gaishe da Kaka, takan tsaya a bakin kafar, ta karkatar da kai gefe ɗaya don ta ga hanya da idon da ya rage, ta dafa katanga da hannun hagu kada ta buge. Zulaiha tana ganinta daga bakin murhu. Ba ranar da ba ta gani.

Darasi: Kada ka ɗora wa mutum laifin da idonka bai gani ba, balle wanda ya saba yi maka alheri. In kuma ka gane ka yi kuskure, ka je ka nemi gafara a ranar, kada kunya ta sa ka jira, don ba ka san abin da jiran zai ci ba, kuma sau da yawa wanda bai san hawa ba shi yake biya. Hanyar da ke tsakaninka da maƙwabcinka kada ka toshe ta da hannunka, ranar tashin hankali shi zai riga danginka jin ihunka. Masu kiwon kaji kuma, a kwashe tarkace da bulo da kara daga jikin akurki, a hana yara leƙawa ko zura hannu cikin duhu, in dafi ya shiga ido a yi ta wanke shi da ruwa mai yawa nan take, a garzaya likita. Ku tura wa ƴan uwa da maƙwabta wannan labari, musamman wanda kuka san akwai wata kafa da ya toshe, ko Allah Ya sa ya buɗe ta tun ba a kai ga taɓarya ba.